Nutso A Tsibiran Da Kifi Ba Ya Gudun Mutum

Duk masunci ya san kifin da ya saba ganin ƙugiya da mashi ba ya bari mutum ya matso kusa da shi. To amma akwai wasu tsibirai a arewa maso gabashin ƙasar Niyu Zilan inda kifi ke zuwa gab da fuskar mai nutso, ya tsaya yana kallonsa, wani lokacin ma sai garken ya dare kafin mutum ya ga gabansa. Kyaftin James Cook ne ya laƙaba musu suna Poor Knights a shekarar 1769. Su kuwa Maori, 'yan asalin ƙasar, suna kiran manyan guda biyu Tawhiti Rahi da Aorangi. Nisansu daga gaɓar Tutukaka kilomita 23 ne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ruwa mai inji idan teku ta kwanta.

Daga nesa ba abin da za ka hango sai duwatsu masu tsini da bishiyoyi a kansu. Ragowar wani dutse mai aman wuta ne da ya mutu tun miliyoyin shekaru da suka wuce, igiyar ruwa ta yi ta cin jikinsa har ta huda shi, ta bar koguna da ƙofofi da ramuka birjik, wasu a sama, wasu a ƙarƙashin ruwa. Babban cikinsu shi ne kogon Rikoriko, wanda ake lissafawa cikin manyan kogunan teku na duniya: tsawonsa ya kai mita 130, faɗinsa mita 80, jirgin da ya ɗauko mu ya shige ciki gaba ɗaya ya juya ba tare da ya taɓa bango ba. Amma ba wanda ke sauka a kan tsibiran. Doka ta hana, sai mai bincike da ya sami takardar izini. Abin da ya kawo mu yana ƙasa.

Bari in fara da yadda ake shiga, domin mutane da yawa suna zaton tukunyar da mai nutso ke goyawa a baya iskar oksijin ce zalla, irin ta asibiti. Ba haka ba ne. Iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum, aka tace ta, aka danna ta cikin tukunyar ƙarfe da matsi mai kusan ninki 200 na iskar sarari. Wata 'yar na'ura da ake sa wa a baki ita ke sassauta matsin, ta ba ka iska daidai lokacin da ka ja numfashi. Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan ne suka haɗa wannan na'ura a Faransa a shekarar 1943, kuma shi Cousteau ɗin ne ake yawan ambato cewa ya sa Poor Knights cikin wuraren nutso goma mafi kyau a duniya.

Abin da ke mulkin komai a ƙarƙashin ruwa shi ne nauyin ruwan kansa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikinka ya ninka na sarari sau biyu. A mita 30 ya zama sau huɗu, iskar tukunyarka kuma za ta ƙare da saurin ninki huɗu. Tun a mita biyu ko uku na farko kunne zai fara zafi, sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ya buɗe. Doka ta farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, musamman yana hawowa sama, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin da matsi ke raguwa, tana iya yaga huhun. Ta biyu, kada a hawo da gaggawa. Iskar naitirojin da jiki ya tsotsa a ƙasa tana buƙatar lokaci ta fita. In aka yi hanzari sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi, abin da kan jawo shanyewar jiki ko ma rasa rai. Shi ya sa ake tsayawa minti uku a zurfin mita 5 kafin a fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai an kwana. Sabon mai nutso iyakarsa mita 18. A Poor Knights wannan iyaka ba wasa ba ce, saboda bangon dutsen yana gangarawa miƙe zuwa mita 40, a wasu wuraren ya zarce haka da nisa, kuma ruwan garau yake, mutum na iya yin ƙasa fiye da yadda ya yi niyya bai ankara ba. Idonka ya riƙa komawa kan agogon zurfi a kai a kai.

Sai sanyi. Ruwan wurin yakan kai digiri 22 a ma'aunin Salshiyas a watan Fabrairu da Maris, ƙarshen lokacin zafinsu ke nan, tunda ƙasar tana kudancin duniya. A watan Agusta da Satumba kuwa yakan sauka zuwa digiri 14 ko 15. Mai karatu na iya cewa ai digiri 22 ba wani sanyi ba ne. A sarari haka ne, amma ruwa yana zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska fiye da sau 20. Da rigar roba mai kaurin milimita 7 na shiga, da hula da safar hannu, duk da haka bayan minti arba'in sai na ji yatsuna sun fara ƙagewa. Ita wannan riga tana sa mutum ya yi ta tasowa sama, don haka ake ɗaura ɗamarar dalma a ƙugu.

Wani abin lura shi ne lokacin da ruwa ya fi ɗumi ba lallai ne ya zama lokacin da ya fi haske ba. Daga ƙarshen zafi zuwa tsakiyar sanyi mutum kan ga abin da ke nesa da shi da mita 20 zuwa 30. Daga Satumba zuwa Nuwamba ƙananan halittun da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya sukan yi yawa, ruwan ya koma kore-kore, gani ya ragu ƙwarai. Masu ɗaukar hoto ba sa son wannan lokaci. Ni kam ban ga laifinsa ba, domin waɗannan halittu su ne abincin da ke riƙe da duk garken kifin da muke zuwa kallo.

Me ya sa tsibiri irin wannan ya fi gaɓar da ke kusa da shi albarka? Dalili na farko, yana nesa da bakin koguna, babu laka da taɓon da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gudana a cikin tekun kanta. Yana tasowa daga yankin zafi, ya bi gabashin Ostireliya, wani reshensa ya ƙetaro tekun Tasman, ya gangaro ta arewa maso gabashin Niyu Zilan, ya ratsa ta wajen waɗannan tsibirai. Yana tafe da ƙwai da 'ya'yan kifin ƙasashen zafi. Da yawansu sukan yi 'yan watanni su mutu idan sanyi ya shigo, wasu kuma su jure su girma. Wurin bai yi ɗumin da murjani zai gina tudu ba, bai kuma yi sanyin da baƙin kifi za su kasa zama ba. Sakamakon haka sai ka ga kifi mai ratsin rawaya da baƙi, wanda asalinsa na wajen tsibirin Lord Howe ne, yana kiwo a gindin doguwar ciyawar teku mai ruwan ƙasa, wadda ba ta tsirowa sai a ruwa mai sanyi. Wannan haɗuwa ita ce sirrin tsibiran da ke tsakanin zafi da sanyi, kuma an ƙirga nau'in kifi fiye da 120 a nan.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙofar dutse ce da ake kira Blue Maomao Arch. Ba ta da zurfi, ko ɗalibi yana iya shiga. Hasken rana yana saukowa ta ramukan da ke rufin, a cikinsa kuma kifin maomao shuɗi ne, ɗaruruwa bisa ɗaruruwa, sun cika wurin daga bango zuwa bango. Ba sa tarwatsewa don sun gan ka. Sukan buɗa maka hanya ka wuce, su rufe a bayanka. In ka kwanta shiru a ruwa, numfashinka kawai kake ji, sai su manta da kai gaba ɗaya.

Bangon kuwa, in babu tocila, duk shuɗi-shuɗi da toka-toka za ka gan shi, domin ruwa yana haɗiye launin ja tun a 'yan mitocin farko, sannan ruwan lemo, sannan rawaya. Da ka kunna tocila sai ka tarar ashe ko tafin hannu guda na dutsen bai zauna tsirara ba: soson teku ne ja da rawaya da ruwan hoda, da wasu halittu masu kama da furanni alhali dabbobi ne. A tsagar dutse akwai dogon kifi mai siffar maciji, bakinsa a buɗe kullum. Ba faɗa yake nema ba, haka yake numfashi. Akwai wani ƙaramin kifi da aikinsa shi ne cire ƙwari daga jikin manya, sai ka ga babban kifi ya tsaya cak, ya buɗe baki, ƙaramin yana shiga yana fita lafiya lau. Akwai wani jinsin kuma da kan fara rayuwa a mace, in ya girma ya rikiɗe ya zama namiji, har launinsa ya sauya. Ikon Allah ke nan, wanda ya gani da idonsa dole ya yi tasbihi.

Da zafi, a ƙofar da ke arewacin Tawhiti Rahi, kunamar ruwa kan taru da yawa, 'yar'uwar wadda masuntan Binuwai suka sani, amma ta nan faɗinta na iya kai mita biyu. Sukan jera a cikin ƙofar, wasu bisa wasu, suna lilo a ruwa. Ba ta kai hari sai in an taka ta ko an matsa mata. Maƙiyinta shi ne orka, babbar dabbar nan mai baƙi da fari, wadda a tekun Niyu Zilan ta ƙware wajen farautarta.

Duk wannan bai samu haka kawai ba. Maori sun daɗe suna zaune a kan tsibiran suna noman dankali a tudun da suka daddatsa. A wajajen shekarun 1820 wasu mahara suka faɗa musu lokacin da sarkinsu Tatua ya tafi yaƙi, suka kashe mutane da yawa. Da ya dawo ya ga abin da ya faru, sai ya haramta zama a wurin, kuma tun daga nan ba a sake kafa gida ba. An kawar da aladun da suka rage a Aorangi a shekarar 1936, daji ya dawo. A yau wani tsuntsun teku da Maori ke kira rako kusan duk ƙwansa a duniya a nan yake yi.

Ta ɓangaren ruwa kuwa sai da aka sha gwagwarmaya. Masu nutso irin su Wade Doak sun yi shekaru suna rubutu suna kira da a kare wurin. A 1981 aka ayyana shi a matsayin keɓaɓɓen yanki, mita 800 daga gaɓa ta kowane ɓangare, na biyu a ƙasar bayan na Leigh da aka kafa a 1975. Sai dai an yi sassauci: an hana masu kamun kifi na kasuwa, amma an bar masu yi don nishaɗi a mafi yawan wurin. Shekara 17 aka yi a haka, kifin sinafa, wanda shi aka fi nema, bai farfaɗo ba. A watan Oktoba na 1998 aka rufe gaba ɗaya, ba ƙugiya, ba mashi, ba taru. Cikin shekara huɗu masu bincike suka tarar manyan sinafa sun ninka fiye da sau 7. Wanda ya san yadda ake killace Matan Fada a Argungu har ranar su ba zai yi mamakin wannan ba. A ganina waɗannan shekaru 17 hujja ce babba a kan duk mai cewa a hana rabi a bar rabi.

Amma doka tana hana ƙugiya ne, ba ta hana teku ɗumama. Akwai wata bushiyar teku baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke son ruwan ɗumi. Da rana tana ɓuya a tsagar dutse, da dare ta fito ta kankare duk abin da ke jikinsa, ciyawa da soso da komai, ta bar shi fari fat. Ita ce ta cinye dazuzzukan ciyawar teku a gabashin Tasmaniya. A Poor Knights bincike ya nuna yawanta ya ninka fiye da sau 9 tsakanin 1999 da 2022, kuma sinafa, duk da yawansu, ba su iya rage ta ba. Na ga irin filayen da ta kankare da idona, 'yan mitoci kaɗan daga bangon da ke cike da launi, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

A 'yan shekarun nan hukumar kare muhalli ta ƙasar, tare da masana da Maori na yankin, ta fara tura masu nutso su rage bushiyar da hannu a wasu zaɓaɓɓun wurare. Akwai masu ganin bai dace a kashe komai ba a wurin da aka ce an haramta kisa. Na fahimci damuwarsu, amma ban bi ra'ayinsu ba. Mutum ne ya ɗumama ruwan, don haka naɗe hannu a bar bushiya ta share bango ba kare wuri ba ne. A ci gaba da rage ta, a kuma bar dokar 1998 yadda take, kada a sassauta ko da ƙugiya guda.