Mahaɗar da Ke Cikin Akwatin Rediyo

Yau shirin namu yana zuwa muku ne daga Mayo Gwoi a nan Jalingo.

Ku matso mu tsaya gaban teburin mai gyaran rediyo. Ya kwance bayan wata tsohuwar akwati, ƙamshin dalma na tashi. Ga baƙin sanda da aka naɗe da siririyar waya, ita ce eriyar ciki. Ga wasu 'yan gwangwanaye a jere, ɗaya mai jan kai, sai mai rawaya, mai fari, mai baƙi. Kusa da mai jan kan nan akwai transisto guda, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne baƙonmu na yau. Masu sana'a suna ce masa miksa, mu kuma bari mu kira shi mahaɗa.

Duk wanda ya taɓa kwana tsakanin janareta biyu ya san aikin mahaɗa. Kowanne da ƙararsa, amma idan sautinsu ya yi kusa da juna sai ka ji wani amo na uku yana hawa yana sauka a hankali. Wannan amon, bambancin da ke tsakanin biyun ne. To, akwatin rediyo ma yana da nasa makaɗin a ciki, yana kaɗa igiyarsa shi kaɗai. Mahaɗa sai ta ɗauki igiyar tashar da eriya ta kamo, ta gama ta da ta makaɗin, ta fitar da bambancin.

Ga misali. Rediyon Najeriya Kaduna an san ta a kan kilohaz 594 a matsakaicin zango. Idan ka murɗa ka kamo ta, makaɗin ciki yana kan 1049. Cire 594 daga 1049, saura 455. Koma wace tasha ka murɗo, makaɗin zai bi ta, bambancin ya tsaya a 455 ɗin nan. Mai jan kan na makaɗin ne, sauran gwangwanayen uku kuwa ba su san wata lamba ba sai ita, shi ya sa suke iya tace sauti tsaf. A zangon FM lambar ita ce megahaz 10.7. Edwin Armstrong, sojan Amurka, ya haɗa wannan dabara a Faris a 1918, kuma har yau a kanta 'yan akwatunan da iyayenmu ke jin BBC da Muryar Jamus da su suke tafiya.

Wahalar tana ga mai son ƙera mahaɗa ƙarama. Tashar da ke kan 1504, idan ka cire mata 1049, ita ma 455 za ta ba ka. Kun ga ke nan baƙi biyu sun shigo ta ƙofa ɗaya. Dole a tare na biyun tun daga eriya, kuma a matsakaicin zango kwayil ɗin tacewa yana son fili. Ka matse kayan da yawa, makaɗin ya yi ta yoyo cikin eriya, rediyo ta dinga fito kamar tsuntsu. Ƙara da cajar waya mai arha ko inbata a ɗakin, sai ƙugi ya rufe muryar mai labarai. A 1968 Barrie Gilbert ya wallafa wani tsari da ya rage wannan yoyo ƙwarai, shi ne a cikin ɗan guntun SA612 mai ƙafa takwas da ɗalibai ke gwaji da shi.

Abin da ke damuna shi ne, yaranmu da yawa sun iya cire allo su sa sabo, amma ba a nuna musu wannan ɗan lissafi ba. Alhali wanda ya gane 455 ya kama hanyar ƙera tasa rediyon da hannunsa.

Don haka iyayen gida masu gyara, don Allah ku zaunar da almajiranku ku nuna musu, ku kuma hana su murɗa jan gwangwanin nan da sukuddireba ba dalili. Ku kuma masu tsohuwar akwati a ƙarƙashin gado, kada ku sayar wa 'yan gwangwan, ku ba yaro mai sha'awa ya buɗe ya gani. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.