BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: BAYANI A KAN SHIRIN DOGUWAR TAFIYA CIKIN JIRGIN RUWA

Mutanen ƙasar Ketare, da maƙwabtansu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutanen tudu ne. Sun san noma da kiwo da fatauci, amma da yawa cikinsu har su tsufa ba su taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Duk da haka, in an gama kaka akan sami waɗanda ke fita cin rani, ko fataucin busasshen kifi da albasa, su nufi ƙasar Kabi da ta Yawuri, inda ruwa ne babbar hanya. Irin waɗannan matafiya su ne suka fi shiga hatsari, gama ba su san abin da za su ji tsoro ba. An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu su san abin da za su tambayi ayarin da ya zo sallama, da abin da za su gargaɗe shi a kai, tun yana kan tudu.

1. YADDA HANYAR TA KE

Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya faro. Ya bi ta Gusau, ya yi gwiwa ya nufi arewa maso yamma, tafiyar wajen mil 200, har ya gamu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ya juya kudu, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sa'an nan ya faɗa Kwara gabas da Illo. Kwara kuwa ta gangara Yawuri, ta shiga tafkin Kainji.

Kada ganin haka a taswira ya ruɗi kowa. Wajen mafarin gulbin ba ya ɗaukar jirgi. Da rani rairayi ne da 'yan kududdufai, da damina kuwa ruwa ne mai fushi, ya taso yau ya janye gobe. Ga kuma madatsar Bakolori, wadda aka gama cikin 1978, ta tare hanya. Bayan wannan, shekarun nan ɓarayin daji sun addabi wurare da yawa na Zamfara da kudancin Katsina, har da dazuzzukan da ke gefen tafkin Kainji. Saboda haka ayari ya tafi da mota, ya shiga jirgi a Argungu, ko Birnin Kebbi, ko Yawuri, bayan ya bincika lafiyar hanya wurin hukuma.

2. LOKACIN TAFIYA

Kwara sau biyu ta ke cika a shekara, wannan kuwa abu ne da mutumin tudu ba ya zato. Cikar fari ta ruwan daminar ƙasashen nan ce, takan kai ƙarshen ƙarfinta wajen watan Satumba. Ruwan yakan zo fari-fari saboda laka, yana gudu, yana ɗauke da kututtura. Cika ta biyu ruwan da ya zuba ne can ƙasar Gini, inda Kwara ta faro. Kafin ya iso nan sai ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, laka ta kwanta, shi ya sa ya ke zuwa baƙi-baƙi, garau, daga wajen Disamba har zuwa Fabrairu.

To, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Hadari ya wuce, gulbi bai ƙafe ba, sauro ya ragu. Aibin wannan lokaci guda biyu ne, watau hazo da sanyin dare. Ran da hazo ya rufe har ba a hangen gaɓa, sai a ɗaure jirgi a jira. Lokacin da ya fi muni kuwa shi ne bazara zuwa farkon damina, sa'ad da iska ke tasowa ba sallama, ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafki inda babu wurin fakewa.

3. JIRGI DA MATUƘI

Jirage iri biyu aka fi samu: kwalekwalen da aka fafe daga gungume guda, da jirgin katako wanda aka harhaɗa, sau da yawa da inji a bayansa. Ko wanne za a ɗauka, shugaban ayari ya duba shi da rana, da idonsa, kafin a sa kaya. Ya duba inda aka yi faci, ya ga ko ruwa na tsattsafowa. Ya tabbata akwai filafili na ajiya, da gwangwala, da igiya mai tsawo, da ƙwarya biyu ta kwalfe ruwa. In jirgin mai inji ne, a ɗauki man da zai kai zango ya yi saura, kuma kada a bar filafili a gida don an dogara ga inji.

Matuƙi ya fi jirgi muhimmanci. Sarkawa da Gungawa da Kabawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, sun san inda dutse ke kwance, da inda dorina ke kiwo. Amma ko wane matuƙi da iyakar ruwan da ya sani. Wanda ya ƙware a fadamar Argungu baƙo ne a tafkin Kainji. Hanyar samun na kirki ita ce ta hannun Sarkin Ruwa na wurin, a kuma sake ɗaukar ɗan jagora duk inda sanin na farko ya ƙare. A yanke kuɗin fito gaban shaidu tun ba a tashi ba, kada a bar shi sai tsakiyar ruwa.

Tafkin Kainji yana bukatar kashedi na musamman. Da aka gama madatsar cikin 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, aka ta da mutum fiye da 40,000. Tsawon tafkin ya kai wajen mil 80, kuma itatuwan da ruwa ya rufe har yanzu akwai kututturansu a tsaye ƙarƙashinsa. In ruwa ya ja baya sukan zo daf da sama, ba a ganinsu sai jirgi ya hau.

4. GUZURI DA KAYA

A ƙidaya kwanakin tafiya tare da matuƙi, sa'an nan a ƙara guzurin kwana ɗaya bisa ko waɗanne kwana uku, domin ranar iska da ranar gyaran jirgi. Abincin da ba ya lalacewa shi ne na hanya: garin gero, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, kuka, daddawa, gishiri. Kifi a can za a same shi. A ƙunshe gari da ashana da takardu cikin leda, a rufa kaya da tamfol. Kaya masu nauyi su kwanta ƙasa, a tsakiyar jirgi, kada a tula su sama. In an gama lodi a duba bakin jirgi. In tsakaninsa da ruwa bai kai taƙi guda ba, a rage kaya ko a rage mutane.

Ko wane matafiyi ya sami rigar kariya daga nitsewa, ya sa ta a jikinsa, ya ɗaure, kada ya yi matashin kai da ita. Wannan ya fi wajaba ga mutanen tudu, tun da ya ke galibinsu ba su iya iyo ba. A tafi da gidan sauro, da bargo, da tocila, da maganin zazzaɓi, da gishirin haɗin zawo. Ruwan sha a tafasa shi. Kada a yi wanka ko wanki a ruwan da ke kwance cikin ciyayi, gama nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ya ke zama.

Wayar hannu tana da amfani, amma akwai wurare da yawa a bakin ruwa inda ba ta kamawa. Don haka ba ta ɗauke wa kowa wajibin barin labarin hanyarsa a gida.

5. ZANGO

A tashi da hantsi ya fara, a sauka tun la'asar, rana da saura. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa cikin 1997, hedkwatarta a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma hana lodin da ya wuce kima. A yi zango kusa da gari, shugaban ayari ya je ya gai da mai gari ya faɗi ko su wane ne. Kada a kwana kan turbar da dorina ke bi ta fita kiwo, kada kuma jirgi ya shiga tsakaninta da ɗanta. A jawo jirgi a ɗaure shi da kyau, gama ruwa yakan ƙaru cikin dare.

6. ABIN DA YA SAMI NA GABA

Labarin matafiya biyu na dā ya isa misali. Cikin 1805 Mungo Park ya taso daga Gambiya da Turawa fiye da 40, ya kutsa cikin damina. Kafin su ga Kwara zazzaɓi da atuni sun cinye su, 11 kaɗai suka iso. A Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yanzu, ya haɗa jirgi guda daga tsofaffin kwalekwale biyu, ya tashi cikin Nuwamba. Ya yi tafiyar wajen mil 1,000, galibi ba ya sauka ya gai da sarakunan bakin ruwa, wanda ya matso kuwa sai harbi. A Yawuri tafintansa ya rabu da shi. Da ya kai duwatsun Busa, farkon 1806, ba shi da jagora, ba shi da mai ƙaunarsa a gaɓa. Nan jirgin ya maƙale, nan ya halaka.

Cikin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Busa ɗin nan. Suka ziyarci Sarkin Yawuri, suka yi ta haƙuri wata da watanni har suka sami izni da jirage. Tare da su akwai wani Bahaushe, mutumin Gobir, wanda Turawa ke kira Pasko, da ya san harsuna da al'adun hanya. Suka tashi cikin Satumba, suka sha wuya ƙwarai, har aka kama su a ƙasar Ibo, amma cikin Nuwamba sun kai teku da ransu. Ruwan ɗaya ne, shirin ne ya bambanta.

Kada a ce wannan labarin dā ne. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage kusa da Wara, ƙasar Ngaski, cikin Jihar Kebbi, kaɗan ne aka ceto. Cikin Nuwamba na shekarar, wani ya kife a ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya. Cikin Yuni 2023 kuma, a ƙasar Patigi, mutum fiye da 100 suka nitse da dare suna komowa daga biki. Abin da aka yi ta ambata bayan irin waɗannan masifu bai wuce lodi fiye da kima ba, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya.

7. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

In ayari ya zo sallama, hakimi ya tambayi shugabansa abu biyar: ina za su shiga jirgi, wane ne zai tuƙa su, kwana nawa za su yi, me suka tanada, mutum nawa cikinsu suka iya iyo. Wanda ya kāsa amsa biyun farko bai shirya ba, a shawarce shi ya dakata.

Malamin hakimi kuwa ya rubuta sunan ko wane matafiyi, da na ubansa, da ƙauyensa, da sunan dagacinsa. Ya rubuta garuruwan da za su yi zango bi da bi, da ranar da a ke sa ran komowarsu. Takarda ɗaya ta zauna a ofishin hakimi, ɗaya ta tafi da ayari, tare da wasiƙar gabatarwa zuwa ga hakiman da za a ratsa ƙasarsu. Shugaban ayari ya riƙa aiko da labari daga ko wane babban zango. In kwana uku suka wuce bisa alkawari ba a ji kome ba, malami ya sanar da hakimi, hakimi ya sanar da ƙaramar hukuma da 'yan sanda, a fara cigiya daga zangon da aka ji labarinsu na ƙarshe. Sau da yawa in jirgi ya nitse, abin da ke ƙara wa iyalai baƙin ciki shi ne ba wanda ya san ko su wa ke ciki, balle adadinsu.

Ya kamata kuma hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su karanta wa jama'a wannan bayani da kaka, kafin masu cin rani su watse. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.