Bado: Abincin Tafki Da Yaranmu Suka Fara Mantawa

Duk baƙon da ya zo Daura, rijiyar Kusugu ake fara kai shi, a ba shi labarin Bayajidda da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Amma 'yan'uwa, akwai wani ruwan da ya ciyar da talakan ƙasar nan wanda ba a kai baƙo wurinsa, wato tafkunan da damina ke cikawa a bayan gari. A cikinsu bado ke tsiro, ba mai shuka shi, ba mai yi masa noma.

Ganyensa mai faɗi ne kamar faifai, yana kwance bisa ruwa. Furensa fari yakan buɗe da dare, in rana ta ɗaga ya rufe. Turawa don ado suke dasa shi. Mu kuwa abin da ke ƙarƙashi muka sani. Idan kaka ta yi, ruwa ya ja baya, sai a shiga taɓo a tono saiwarsa, a dafa ko a gasa cikin toka mai zafi. 'Ya'yansa kuma cike suke da ƙwaya ƙanana da ba su kai gero ba. A shanya su, a daka, a sami garin kunu, wani lokaci a haɗa da ɗan geron da ya rage a rumbu domin ya kai gida ga sabon amfani. A farin 1973 da na 1984, irin wannan abinci na daji, tare da tafasa da zogale, ya riƙe gidaje da yawa a Arewa da ƙasar Nijar.

Yau fa? Mun tambayi yara bayan makarantar Lahadi, kaɗan ne suka taɓa ɗanɗana shi. Wasu ma dariya suka yi, wai abincin yunwa ne.

Sai dai kada mu tura su tafki da ka. Ruwan da ba ya gudu shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Yaron da ya fara fitsari da jini a kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani, kada a ce alamar girma ce. Tafkin da ke kusa da gonar da aka yi wa feshi kuma a bar badonsa. In za a tono, babba ya tafi da su, a jira taɓo ya fara tsagewa tukuna.