Kuɗin Fansho na Mamaci: Ina Matsayin Haraji?

Sau da yawa a zangunanmu na Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, akan ji ɗan'uwa ma'aikacin kamfani ya rasu, an yi sadakar uku da ta arba'in, sa'an nan magada su yi cirko-cirko, ba wanda ya san yadda za a karɓo kuɗin fanshonsa. Waɗansu ma tsoro suke ji, wai da zarar sun taɓa kuɗin, masu haraji za su bi su. To jama'a, ga yadda al'amarin yake.

Tun shekarar 2004 aka kafa tsarin da kowane ma'aikaci ke da asusun fansho na kansa, a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai gidan aiki kuma kashi 10. Haka nan wajibi ne mai gidan aiki ya yi masa inshorar rai wadda ba ta kasa ninki uku na albashinsa na shekara ba. Watau in albashin Naira 1,200,000 ne, inshorar aƙalla Naira 3,600,000 ke nan, kuma daban take da abin da ke cikin asusun.

Kada a ɗauka wanda mamaci ya rubuta sunansa a matsayin makusanci shi zai kwashe kuɗin asusun. Kamfanin fansho ba ya sakin su sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da gado. Doka ta yarda a raba bisa shari'ar da mamacin ke bi, saboda haka na Musulmi rabon gado na Musulunci za a yi. Ofishin kotu yana cajin kuɗin fid da takardar, amma wannan ba harajin samu ba ne.

Batun haraji kuwa, dokar 2014 ta keɓe kuɗin fansho daga haraji, har da ribar da asusun ya haifar. Harajin gado da aka sa a 1979 kuma an soke shi a 1996. Sai dai akwai wuri biyu da ake tuntuɓe. Na farko, ribar kuɗin da ma'aikaci ya ƙara zubawa don ganin damarsa ana cire mata haraji in an fitar kafin cikar shekara 5. Lalle magada su nemi kamfanin ya rubuta musu dalla-dalla abin da aka biya da abin da aka cire. Na biyu, in magaji ya sa rabonsa cikin fataucin shanu ko goro, ribar da ya ci samu ce, tilas ya bayyana ta ga hukumar haraji ta jihar da yake zaune, ba jihar da ya fito ba. Mazaunin Ikko, Ikko zai biya, ko da Sakkwato aka haife shi.

Saboda haka a adana takardar mutuwa, da ta kotu, da ta kamfanin fansho, da ta banki. Su ne za su nuna asalin kuɗin ran da aka tambaya. Mu kuma masu sauran numfashi, kowa ya gaya wa iyalinsa sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa tun yau, kada haƙƙin marayu ya kwanta a ofis. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshe, amin.