Daga wasan waya zuwa tashar mota: yadda ƴan ƙwaya ke farautar matasa a Meksiko

A watan Oktoban 2021, jami'an tsaro a jihar Oaxaca da ke kudancin Meksiko sun kutsa cikin wani gida, suka fito da yara maza uku masu shekaru 11 zuwa 14. An riga an shirya musu tafiya zuwa Monterrey, can arewacin ƙasar, sama da kilomita dubu daga gidajen iyayensu.  A cikin wasan Free Fire mutumin da ya yaudare su ya haɗu da ɗayansu, wasan nan da samari ke duƙufa a kai a majalisu da ƙofofin gida daga Yamai har Damagaram.

Labarin ya haɗa abubuwa biyu da da wuya mutum ya yi zaton suna da dangantaka: kasuwar wasannin intanet da ke ƙara bunƙasa, da haɗarin tafiya a ƙasar da ƙungiyoyin fataucin ƙwaya ke riƙe da wasu hanyoyinta.

Mene ne waɗannan wasanni?

Wasanni ne da mutane da yawa ke bugawa tare a lokaci guda, kowa daga inda yake. A Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singapo ya fitar a ƙarshen 2017, ana sauke mutum 50 da laima a kan wani tsibiri. Kowa ya nemi makami, filin yana ta ƙanƙancewa, wanda ya rage a raye shi ne gwani. Zagaye ɗaya ba ya wuce kimanin minti goma. PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, yana ɗaukar mutum 100. Ana iya shiga a matsayin tawaga ta mutum huɗu, suna magana da juna da murya kamar a waya, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Abin da ya sa Free Fire ya mamaye ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi shi ne ba ya buƙatar waya mai tsada. A 2019 babu wasan waya da aka sauke kamarsa a duniya, kuma a 2021 kamfanin ya sanar cewa masu buga shi a rana guda sun haura miliyan 150. Shiga kyauta ne. Ribar kamfanin tana fitowa daga abin da ake saye a ciki, wato lu'ulu'un wasa da ake musanyawa da tufafi, ado na bindiga da makamantansu. Yaron da ba shi da kuɗin sayen waɗannan kaya yana ganin na abokansa, kuma ta wannan ƙofa ce baƙo mai kyauta ke samun shiga.

Ina kasuwar ta dosa?

Ƙididdigar masu bin wannan harka ta nuna cewa masu wasannin bidiyo a duniya sun haura biliyan 3, kuma kusan rabin kuɗin da kasuwar ke samu daga wasannin waya yake fitowa. Gasa ma ta zama sana'a. Wasan ƙarshe na gasar Free Fire ta duniya da aka yi a Singapo a 2021 ya tara masu kallo sama da miliyan 5 a lokaci guda, kuma gasar da Saudiyya ta fara shiryawa a Riyad a 2024 ta ware kyautar da ta haura dala miliyan 60.

Kasuwannin Turai, Amurka da gabashin Asiya sun kusa cika, shi ya sa kamfanoni ke hangen Afirka, kudancin Asiya da Latin Amurka, inda matasa suka fi yawa kuma wayoyi ke ƙara araha. Cikas ɗin a nan sanannu ne: tsadar kuɗin intanet, raunin rezo da ɗaukewar wuta. Wasan da ake harbi a cikinsa ba ya jure jinkiri, domin ko ƙiftawar ido aka makara an riga an sha kashi. Duk lokacin da layi ya inganta, kamar yadda shigowar Starlink Nijar a 2025 ta buɗe wa wasu hanya, masu wasa ƙaruwa suke yi.

Hukumomi kuma sun fara sa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. China ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'o'i uku a mako tun 2021. Indiya ta haramta PUBG Mobile a 2020, ta bi da Free Fire a 2022, bisa dalilan da suka shafi tsaro da bayanan jama'a. Abin da ake sa ran gani nan gaba shi ne ƙarin masu wasa tare da ƙarin dokoki, musamman kan tantance shekaru da kuma wanda aka yarda ya yi hira da yaro.

Me ya sa ƴan ƙwaya ke neman yara?

Tun watan Disamban 2006, lokacin da shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji jihar Michoacán, Meksiko ke cikin yaƙi da ƙungiyoyin ƙwaya. Daga 2017 zuwa 2023 ana kashe sama da mutum 30,000 a kowace shekara, kuma a watan Mayun 2022 rajistar waɗanda suka ɓata ta haura 100,000. Ƙungiyar da ke asarar mutane kullum, ta hanyar kisa ko kamu, dole ta nemi masu maye gurbi. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyin na da mutum kusan 175,000, kuma suna buƙatar sababbi kimanin 350 a kowane mako don kada su durƙushe.

Matakin farko da ake ɗora yaro a kai shi ne leƙen asiri. Ana kiran irin waɗannan yara "halcones", wato shahuna. Suna zama a bakin hanya ko mashigar gari da waya ko rediyo, suna ba da rahoton motsin ƴan sanda, sojoji da baƙin motoci. Wannan aikin ne aka yi wa yaran Oaxaca tayi, a kan peso 8,000 duk mako biyu, kimanin dalar Amurka 400 a lokacin, wato sama da jika 200 na sefa. Mataimakin ministan tsaro na lokacin, Ricardo Mejía, shi ya bayyana lamarin a taron manema labarai na shugaba López Obrador, inda ya danganta shi da ƙungiyar da ake kira Cártel del Noreste.

Yadda tarkon yake

Hanyar ba ta da wani siddabaru. Baƙo ya shigo tawagar yaro, ya nuna ƙwarewa, ya yaba masa, wataƙila ya yi masa kyautar lu'ulu'u. Bayan ƴan kwanaki ko makonni sai ya ce a koma Facebook ko WhatsApp, inda babu sauran ƴan wasa da za su ji. A nan ake fara tambayar shekaru, unguwa da halin gida, sannan a kawo maganar aiki da kuɗi. A Oaxaca yaro ɗaya aka fara kamawa da wannan dabara, shi kuma ya jawo abokansa na lakol.

Manya ma suna faɗawa. A watan Nuwamban 2021 jami'an kan iyakar Amurka a jihar Arizona sun tsayar da wata mata da kusan kilo 60 na ƙwayar methamphetamine a motarta. Ta shaida musu cewa a wasan GTA Online ta haɗu da wanda ya ba ta aikin tuƙi, hirar ta koma Snapchat, aka yi mata alƙawarin har dala 2,000 a kowace tafiya.

Duk inda aka faro, ƙarshen maganar ɗaya ne: tikitin mota da wurin haɗuwa. A watan Maris na 2025 wata ƙungiyar iyalai masu neman ƴan uwansu da suka ɓata ta shiga wata gona a Teuchitlán, jihar Jalisco, ta tarar da ɗaruruwan takalma, tufafi da jakunkuna. Hukumomin tarayya sun ce sansanin horar da sababbin mayaƙa ne na ƙungiyar Jalisco Nueva Generación. Ministan tsaro Omar García Harfuch ya bayyana cewa ana jawo matasa da tallan aikin gadi na ƙarya a shafukan sada zumunta, a ce su zo tashar mota, daga nan a ɗauke su, a ƙwace wayoyinsu.

Wannan bai nuna cewa wasan ne ke mai da yaro mai laifi ba. Miliyoyi suna bugawa su kwanta lafiya. Talauci, rashin aiki da rashin hukunta masu laifi sun girmi Free Fire a Meksiko. Abin da wasan ya ƙara shi ne wurin da baligi zai yi sa'o'i yana hira da yaro, iyaye na zaton wasa kawai yake yi.

To, ana iya zuwa Meksiko lafiya?

Ana iyawa, kuma ana zuwa. Ƙasar na karɓar baƙi ƴan yawon buɗe ido sama da miliyan 40 a shekara, kuma an ba ta wasanni 13 na gasar cin kofin duniya ta 2026 a birnin Meksiko, Guadalajara da Monterrey. Sai dai haɗarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, mai rarraba gargaɗinta hawa huɗu, ta daɗe tana saka jihohin Colima, Guerrero, Michoacán, Sinaloa, Tamaulipas da Zacatecas a hawa na huɗu, wato kada a je. Yucatán da Campeche kuwa suna hawa na ɗaya.

Ba kasafai ake auna ƴan yawon buɗe ido da gangan ba, amma harsashi ba ya tambayar fasfo. A watan Oktoban 2021 wasu mata biyu baƙi, Bajamushiya da ƴar asalin Indiya, sun mutu a wani gidan abinci a Tulum lokacin da ƙungiyoyi biyu suka buɗe wa juna wuta. A watan Maris na 2023 an sace Amurkawa huɗu a Matamoros jim kaɗan bayan sun tsallaka iyaka, biyu suka rasa rayukansu. Gari ma na iya birkicewa cikin ƴan kwanaki. Bayan kama Ismael "El Mayo" Zambada a watan Yulin 2024, ɓangarori biyu na ƙungiyar Sinaloa sun fara yaƙar juna a watan Satumba, aka riƙa tare hanyoyi da ƙona motoci a Culiacán, makarantu da shaguna suka rufe.

Shawarwarin da ofisoshin jakadanci ke bayarwa kusan iri ɗaya ne. A yi tafiya tsakanin garuruwa da rana. A bi manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi, waɗanda ake kira "cuota", maimakon na kyauta da ke ratsa daji da ƙauyuka. A shiga motocin manyan kamfanoni daga tasha, a guji tare tasi a bakin titi. Idan an tarar da shinge, ko na hukuma ne ko na ƴan bindiga, a tsaya a bi umarni, domin gudu na jawo harbi. A sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin isa. Kada a karɓi saƙo ko jakar kowa, kuma kada a kusanci sayen ƙwaya ko da kaɗan ce. Lambar neman agaji ita ce 911.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne baƙin haure. A 2023 dubban matasan Afirka ta Yamma, musamman daga Senegal, Muritaniya da Gini, sun riƙa sauka Nikaragua da jirgi, sannan su ratsa Meksiko ta ƙasa zuwa iyakar Amurka. Hanyoyin da suke bi na hannun ƙungiyoyin ƙwaya ne, waɗanda ke karɓar kuɗin wucewa, kuma sau da yawa su tsare mutum har sai danginsa sun aiko da fansa. Mai tafiya ba takarda yana tsoron kai ƙara, masu garkuwa kuma sun san haka.

Abin da iyaye za su iya yi

Bayan lamarin Oaxaca gwamnatin Meksiko ta fitar da jerin shawarwari goma ga iyaye, kuma mafi yawansu za su yi aiki a kowane gida da yaro ke riƙe da waya. Kada yaro ya yi hira da wanda bai sani ba a zahiri. Kada ya ba da sunansa na gaskiya, lambar waya, unguwa ko sunan makarantarsa. A ƙayyade lokacin wasa, a kuma duba saitin da ke ba da damar rufe makirufo da hana saƙon baƙi.

Ƙwace waya gaba ɗaya ba kasafai yake magani ba, domin yaron zai ari ta aboki, kuma daga ranar ba zai ƙara faɗin abin da ya gani ba. Ya fi amfani uba ko uwa ko babban wa su zauna su kalli zagaye ɗaya, su tambayi su wane ne ƴan tawagar da kuma inda aka san su. Alamomin da ya kamata su tayar da hankali a bayyane suke: kayan wasa masu tsada da ba a san wanda ya biya ba, sabon aboki da ya girme shi, ɓoye waya idan an shigo, da maganar wani aiki a wani gari wanda za a aiko da kuɗin motarsa. Idan aka ga haka, a adana saƙonnin da hoton shafin mutumin kafin a toshe shi, sannan a kai wa ƴan sanda ko jandarma, domin da waɗannan saƙonni ne ake iya bin sawunsa.