Daga Rijiyar Lemo Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

[Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali]

Duk wanda ya tsaya bakin titin Katsina a Rijiyar Lemo da hantsi ya san ƙarar manyan motocin da ke fitowa daga kasuwar Dawanau, maƙare da buhunan wake da riɗi da gero. A gefen titin kuma ga samari da 'yan mata rataye da jaka suna tare adaidaita sahu, za su Jami'ar Bayero. Motar wake ta wuce, ɗalibi ya wuce, ba mai kallon wani. Shirinmu na yau kan abin da ya haɗa su ne.

Bari mu fara da waken. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Sai dai manomi ya san abokiyar gabarsa: tsutsar nan mai shiga fure ta huda kwanso, wadda masana ke kira Maruka. In ta sami gona, tana iya lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin. Shi ya sa ake feshi sau shida, wani lokaci har takwas a damina ɗaya, aljihu ya ji jiki, ƙirjin mai feshin ma ya ji.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikin samar da waken da ke kare kansa. An ɗauko ƙwayar halitta ɗaya daga wata baktiriya da ke zaune a ƙasa, ana ce mata Bt, aka dasa ta cikin waken. Ita ke sa tsiron ya samar da sinadarin da ke kashe tsutsar in ta ci. An soma gwaji a killatacciyar gona a 2009, ba a sami amincewar hukuma ba sai 2019. Shekara goma cur. Sunan irin SAMPEA 20-T, kuma feshi biyu ya ishe shi.

To, ɗalibi, ga inda nake so ka kasa kunne. Samaru ba ita kaɗai ta yi aikin nan ba. Masanan hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya ne suka fara dasa ƙwayar halittar, gidauniyar AATF da ke Nairobi ta haɗa kan masu ruwa da tsaki, sannan mutanen Samaru suka yi ta aure tsakanin wannan wake da irin da manomanmu suka saba da shi, damina bayan damina. Wani ya san wani, wani ya aika wa wani iri, wani ya tura ɗalibinsa ya koyo. Haka binciken kimiyya ke tafiya a ko'ina.

Na san in aka ce sanayya a Kano, hankali kan tafi kan wa ka sani a sama. Ba wannan nake nufi ba. Sanayyar ɗakin gwaje-gwaje ita ce malami ya ga hannunka ba ya rawa in ka riƙe bututun ɗiban ruwa, ya ga littafin aikinka tsaf, har in an tambaye shi wa za a tura horo, sunanka ya faɗo masa.

[Gajeren kiɗa]

Ina ƙofofin suke? Ba su da nisa. A sabon mazaunin Jami'ar Bayero, kan titin Gwarzo, akwai Cibiyar Noma a Yankunan da ke Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, daga baya ta shiga jerin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa a Afirka. Ɗalibanta ba 'yan Najeriya kaɗai ba ne; za ka zauna aji ɗaya da mutumin Nijar ko wata ƙasar maƙwabciya, kuma wannan abota ita kanta jari ce. Jami'ar tana kuma da cibiyar binciken bayoteknoloji. A cikin gari akwai tashar cibiyar binciken noma ta IITA, mai gonar gwaji a Minjibir, inda aka daɗe ana aikin wake, ga kuma ICRISAT masu gero da dawa da gyaɗa.

Mafi arahar hanyar shiga ita ce watannin koyon aiki na SIWES. Sau nawa ɗalibin kimiyyar halittu ke kai takardarsa ofishin da ba a yin komai, don kawai a buga masa hatimi ya koma shagon yayansa a Sabon Gari ko Kwari? Ban ga laifin kasuwa ba, ita ke biyan kuɗin makarantar. Amma wata shida kusa da na'urar PCR, wadda ke ninka ɗan guntun ƙwayar halitta sau miliyoyi har a iya karanta shi, ba a samun su kullum. Mai son zurfafawa kuma, akwai cibiyar WACCI a Jami'ar Gana, wadda aka kafa a 2007, take kuma yaye masu digirin digirgir a fannin inganta iri.

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ya yarda da irin da aka sauya wa halitta ba. Da aka fitar da masarar TELA a 2024, ita ma daga Samaru, gardama ta kaure a ƙasar nan. Masu tambaya kan lafiya da kuma wanda zai mallaki iri suna da haƙƙin a amsa musu, kuma hukumar NBMA da aka kafa a 2015 aikinta ke nan ta tantance. Abin da ke damuna shi ne yawancin bayanin da Turanci ake yinsa a ɗakunan taro na Abuja. Dillalin Dawanau da mai ƙosan bakin layi suna bukatar wanda ya taɓa na'urar da hannunsa, ya kuma iya zama kan benci ya warware musu da Hausa. Ɗan Rijiyar Lemo, Kurna ko Bachirawa ya fi kowa dacewa da wannan benci, don gidansu na tsakanin kasuwar da jami'ar.

A mako mai zuwa za mu leƙa Minjibir, mu ga yadda ake auren wake da hannu, fure ɗaya bayan ɗaya. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]