Filafilin Ƙafa Mai Tsage Ko Mai Falle Ɗaya: Wanne Ya Dace Da Lafiyarka?

Masu nutso a teku da tukunyar iska, kamar yadda ake yi a Bahar Maliya ta gefen Sham el-Shek ko Fot Sudan, suna sa wani faffaɗan takalmin roba da ke tura su gaba. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka duk bugun ƙafa aiki ne ga gwiwa, idon sawu, zuciya da huhu.

Mai falle ɗaya

Wannan ba shi da tsage, yana tura ruwa baya kamar filafilin kwalekwale. Misalinsa shi ne Scubapro Jet Fin da Mares Avanti Quattro. Yana da ƙarfi a inda igiyar ruwa ke ja, kuma ana iya yin bugun kwaɗo da shi ko a ja da baya. Amma yana buƙatar ƙafa mai ƙwari. Idan ya yi wa mutum tauri, yakan jawo ɗaurewar sharaɓa da ciwon gwiwa.

Mai tsage

Shi kuma an tsaga shi biyu daga tsakiya, kamar Apollo Bio-Fin. Ruwa na bi ta tsagar, sai nauyin da ke kan gaɓoɓi ya ragu. Yana son gajeren bugu da sauri-sauri. Rauninsa shi ne bai cika daɗin bugun kwaɗo ko ja da baya ba, kuma masu nutso da yawa suna ganin ba ya kai mai falle ɗaya a ruwa mai ja.

Me ya sa zaɓin ya shafi lafiya?

A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin teku sau 2, a mita 30 kuma sau 4. Iskar da ake shaƙa tana ƙara kauri, numfashi ya yi wuya. Idan mutum yana fama da takalmin da ya fi ƙarfinsa, iskar kabon dayoksaid na taruwa a jini. Daga nan sai haki, ciwon kai da firgici, kuma iskar tukunya ta ƙare da wuri.

Shawara

Mai amosanin gaɓɓai, ko wanda ya taɓa jin rauni a gwiwa ko idon sawu, ya fara gwada mai tsage. Mai ƙarfin ƙafa da zai shiga ruwa mai ja, mai falle ɗaya zai fi yi masa amfani. Kafin ka saya, gwada shi a wurin ninƙaya, ka tabbatar bai matse ka ba kuma bai yi maka yawa ba.

Idan sharaɓa ta ɗaure a cikin ruwa, ka sanar da abokin nutsonka, ka miƙe ƙafar, ka kama bakin filafilin ka ja shi wajenka.

Masu sikila, asma, farfaɗiya ko ciwon zuciya kada su yi nutso sai sun ga likita, ko wane irin takalmi suka saya.